Sawun da Aka Kife da Ƙwarya

Ƙanena, autan gidanmu, ƙafarsa shimfiɗaɗɗiya ce. In ya taka ƙasa duk tafin ne yake sauka, daga dunduniya har yatsu, babu ɗan ramin nan na tsakiya da yake barin gurbi a sawun mutane. Ba ciwo take yi masa ba. Yana gudu, yana buga ƙwallo, yana hawa mangwaro har reshen da manya suke tsoro. Abin da ya dami Inna kawai shi ne silifas ɗinsa da suke cinyewa ta gefen ciki tun ba a je ko'ina ba. Tun yana ƙarami aka laƙaba masa ƙafar agwagwa, shi ma har amsawa yake yi. Duk garin an san sawunsa, kuma abin da ya kusa raba shi da makaranta ke nan.

Shekarar da na gama sakandare abin ya faru. Har rani ya shigo sakamako bai fito ba, ina zaune a gida ina faɗa da kowa, sai hedimastan firamarenmu, wanda shi ya koyar da ni a aji shida, ya ce in zo in riƙa taya su da 'yan aji biyu tunda malamai sun yi kaɗan. Babu ko sisi a ciki. Na yarda ne don na gaji da surfe. Auta a lokacin yana aji biyar.

Garinmu yana gefen Bagwai. Gona tana manne da gona, gida yana manne da gida, in ka yi tari a zaurenku maƙwabci ne zai fara ce maka sannu. Da rani duk mai ɗan hali yakan gangara bakin ruwa ya yi lambu. Wanda lambunsa ya fi na kowa kyau wani dattijo ne da muke ce wa Baffa. Abokin marigayi kakanmu ne, kuma shi ya karɓar wa Baba auren Inna. Ka ga ba mutumin da Baba zai ɗaga ido ya kalla ba ne.

A shekarar Baffa kankana ya shuka. Ya ware 'yan manya-manya a ciki ya lulluɓe su da ciyawa, ya ce na iri ne, ko jikokinsa bai yarda su taɓa ba. Wata safiya ya je ya tarar an farfasa su, an cinye jan, an watsar da ɓawon a nan cikin kwamin da ya shuka su. Ba ɗauka aka yi aka kai kasuwa ba. A tsugune aka ci, aikin yara. Da yake ya yi ban-ruwa da yammacin jiya, ƙasar da laima, sai ga sawu ɗaya raɗau a bakin kwamin: ƙaramar ƙafa, babu takalmi, tafin ya sauka gaba ɗaya.

Baffa ya kife sawun da ƙwarya ya ɗora dutse a kai, yadda ake yi don kada akuya ko iska su ɓata shi. Ya kuma karya sillen kara daidai tsawonsa ya sa a aljihu. Kafin azahar rabin mazan gari sun je kallo. Kowa ya ɗaga ƙwaryar ya leƙa sai ya ce, "Ai wannan ƙafar agwagwa ce." Ban ji labarin mutum ɗaya da ya ce, to shi kaɗai ne mai irin ta a garin ba.

Bayan la'asar Baffa ya yi sallama a zaurenmu. Silifas ɗin Auta yana bakin ƙofa, ya sunkuya ya ɗora karan a kai. Ya yi daidai, ko kusa da haka. Ni ina laɓe a bayan ƙyaure, ba na ɓoye wannan, kullum a nan nake jin labarin gidanmu.

Baba ya ce, "Baffa, ai ɗanka ne. Abin da ka yanke shi ke nan."

Baffa ya ce, "Ba kankanar ce ta dame ni ba. Ya zo ya durƙusa ya ce shi ne, magana ta wuce. Amma in Juma'a ta wuce bai zo ba, zan ɗebi sawun nan. Na kuma san inda zan kai shi."

Ɗibar sawu ita ce a kwashe ƙasar da mutum ya taka a kai wa mai aiki, wai ƙafar ta kumbura ko ta shanye. Ni ban yarda da wannan ba, kuma ban taɓa ganin wanda aka yi wa ya same shi ba. Amma Inna ta yarda, Auta ma ya yarda, su kuwa su ne za su kwana da abin.

Da Baffa ya tafi Baba ya kira Auta.

"Kai ne?"

"Wallahi Baba ba ni ba ne."

"Ina kake jiya da yamma?"

"Na je yanko wa awaki ciyawa."

"A ina?"

Auta ya ce, "Bakin ruwa."

Nan fa magana ta lalace. Ya je bakin ruwan, shi kaɗai, babu wanda ya gan shi balle ya shaide shi. Baba bai dake shi ba. Da ma dukan ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, "Ko kai ne ko ba kai ba ne, ka je ka ba shi haƙuri."

Auta ya ce, "In na ba shi haƙuri ai na zama ɓarawo."

Baba ya ce, "To kawunku na Rijiyar Zaki, can birni, ya daɗe yana neman yaro a garejinsa na gyaran babur. Ranar Asabar zai zo. In ba ka je wajen Baffa ba, ka ɗaure kayanka. Ba zan zauna a gari ana nuna min ɗa da baki ba."

Na fito daga bayan ƙyauren na ce, "Baba, makarantar fa? Saura shekara ɗaya ya gama. Kuma wannan karan duk yaron da yake sa'ansa za a ɗora wa ya yi daidai."

Ya ce, "Ke, wa ya sa da ke?"

Wanda ba ɗan wajenmu ba ne, zai ce Baba ba ya son ɗansa. Ba haka ba ne. A wajenmu uba ba ya tsaya wa ɗan cikinsa a gaban mutane, balle a gaban wanda ya girme shi. Kunya ce. Da ɗan maƙwabci aka yi wa wannan ƙazafin, Baba zai tashi ya yi magana har jijiyar wuyansa ta fito. Nasa kuwa sai dai ya sunkuyar da kai ya jira wani ya yi masa. Ƙannensa da za su yi masa duk sun tafi ci-rani kudu. Inna ma haka take. Ni 'yar fari ko sunana ba ta faɗa, "ke" take ce min. Ni dai wannan kunyar ba ta kama ni ba, shi ya sa ake cewa ba ni da ta ido.

Washegari a makaranta yara suka sa shi a gaba. In ya wuce sai ka ji an yi kukan agwagwa, wani ya ce, "Akwai zaƙi kuwa?" Na zane biyu a cikinsu, bai hana komai ba. Auta ya zaro takalminsa na Sallah ya sa da safa, cikin wannan zafin, ya riƙa bin gefen hanya yana taka ciyawa don kada ya bar sawu. Inna kuma duk fitar da zai yi sai ta bi bayansa da tsintsiya ta share ƙofar gida. Shara kawai take yi. Wannan sharar ta fi komai ɓata min rai.

Ranar Talata da yamma na je ɗibar ruwa a tuƙa-tuƙa. Layi ya yi tsawo, yara sun cika wurin suna ture-ture, ni kuwa ba na iya jira. Ina tsaye ina tsaki, idona ya sauka a kan simintin da aka zagaye famfon da shi. Ruwa ya malale a gefe ɗaya, yara suna takawa su hau busasshen wuri, kowa yana barin hoton ƙafarsa. Mafi yawa irin wanda aka sani ne, dunduniya da gaba, da siririn layi a gefe ya haɗa su. Sai na ga wani cikakke, babu gurbi. Na ɗaga kai, wata 'yar yarinya ce da bokitin fenti. Kafin ya bushe ga wani, na wani yaro ɗan aji huɗu da na sani sarai. Ga kuma wani. Na manta da layin har aka tsallake ni. A garin nan aka haife ni, a famfon nan nake ɗibar ruwa tun da aka haƙa shi, ban taɓa duban ƙasa ba. Su ma masu ɗaga ƙwarya ba su taɓa ba. An sami yaro ɗaya an ba shi sunan, shi ke nan kowa ya huta da dubawa.

Na ajiye jarkar a gida na wuce ɗakin shan magani, wajen malamar asibitin da take yi wa mata awo. Tana shirin kullewa.

Ta ce, "Lafiya? Waye ba lafiya?"

Na ce, "Kowa lafiya. Tambaya ce. Shimfiɗaɗɗiyar ƙafa abu ne mai wuyar samu?"

Ta yi dariya ta ce, "Wuyar samu? Je ki ɗaga ƙafar kowane ɗan yaye a garin nan ki gani. Kusan duk da ita ake farawa. Ramin sai yaro yana girma yake fitowa. Wasu ya fito da wuri, wasu ya makara, wasu har tsufa ba ya fitowa."

"Me yake hana shi?"

"Wani gado ne, ki duba ƙafar iyayenku. Wani nauyin jiki ne, yaro mai ƙiba ya fi samun ta. Wani gaɓoɓinsa ne masu laushi. Ana kuma cewa yaran da aka ƙulle wa ƙafa a rufaffen takalmi tun suna rarrafe sun fi waɗanda suka tashi suna taka ƙasa. Lokacin da nake aiki a cikin birni na fi ganin ta." Ta ja ƙofa ta sa kwaɗo. "In don ƙanenki ne, ki sa shi ya yi ɗage a kan yatsunsa. In ramin ya fito, kuma ba ya kukan ciwo, ku ƙyale yaro ya sha iska. Wadda ta sandare take ciwo ita ake kai wa babban asibiti."

Ashe har ita labari ya kai mata.

Da safe na tari hedimasta tun bai jingine kekensa ba. Na ce ina so a fito da yaran makarantar gaba ɗaya, kowa ya taka, Baffa ya zo ya gani da idonsa.

Ya ce, "Malama ƙarama, so kike a rufe min makaranta? Ana maganar ɗibar sawu a gari, ke kuma ki tara 'ya'yan mutane ki ce su taka? Kafin la'asar za a ce muna tara sawun yara muna kaiwa wani wuri."

Na ce, "Ba a ƙasa za su taka ba, Malam. Ruwa za su taka su hau simintin baranda. Kafin ka ƙirga goma ya bushe. Wa zai ɗebi ruwan da ya bushe?"

Ya tsaya yana kallon barandar. Can ya ce, "Babu zagayewa da alli. Babu ɗaukar hoto a waya. Babu rubuta sunan kowa. In an tambaye ni, darasin kiwon lafiya muka yi."

Na ce na ji.

"Baffan kuma wa zai kira shi? Ni dai ba ni ba."

Na ce ni.

Na same shi a lambu da yamma yana jan tiyo. Ƙwaryar tana nan a kife da dutsenta. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, don kada a ce daga nan na fara rashin kunya.

Ya ce, "An aiko ki ba da haƙurin ne? Ba ke nake jira ba."

Na ce, "Ba a aiko ni ba, Baffa. Na zo in ce gobe da hantsi ka zo makaranta da karanka, ka ga agwagin garin nan."

Ya ce, "Tun kina zanen goyo na ce bakin nan naki zai yi tsawo."

Na ce, "To Allah ya sa ka zo."

Ya zo. Ina jin haushi ne ya kawo shi. Hedimasta ya sa aka fito masa da kujera, ya ƙi zama. Baba bai zo ba, ban ma sa ran zai zo ba. Muka ajiye baho cike da ruwa a bakin barandar, aka ce kowa ya cire takalmi, masu shi ke nan. Yara ba su taɓa jin daɗin darasi irin na ranar ba. Wasu sai sun taka su zagayo su sake shiga layi.

Da 'yan aji ɗaya muka fara. Kusan duk wanda ya taka sai ka ga tafi cikakke, kamar an ajiye ɗan ƙosai. Baffa ya ce, "Waɗannan ai jarirai ne. Jariri ne zai fasa kankana?" Gaskiyarsa ce, ban musa ba. A aji biyu da uku abin ya ragu. Daga aji huɗu zuwa sama ya ƙara raguwa, amma bai ƙare ba, kuma nan ne ƙafafun suka kai tsawon karan.

Ɗan mai shagon bakin kasuwa ya taka. Yaro ne lukuti, a cikin birni aka yaye shi, ba a taɓa ganinsa babu kambas ba. Sawunsa ya fito fal. Baffa ya sunkuya ya ɗora kara. Ya yi daidai. Yaran unguwar Kiristoci da suke tsallako rafi kullum, yawancinsu babu takalmi, ramin ƙafarsu har ka zura hannu, amma a cikinsu ma an sami ɗaya dogo siriri mai irin ta Auta. Kara ya yi daidai. Ɗan ladan ya taka, kara ya ɗan fi shi kaɗan. Wasu 'yan biyu mata suka taka, ɗaya da rami ɗaya babu, yara suka fashe da ihu. Baffa yana sunkuyawa yana miƙewa har ya fara dafa ƙugu.

Auta ya ƙi cire safarsa. Na ce, "Cire, ko in cire maka." Ya cire yana hawaye, ya taka. Nasa bai fi na kowa cika ba. Yana cikin jerin kawai, kuma kafin na bayansa ya taka ya fara bushewa ta gefe.

Sai ga jikar Baffa, 'yar babban ɗansa, 'yar aji biyar, wadda yake ce wa amaryarsa, yake ɓoye mata gyaɗa a aljihu. Ta tsoma ƙafa ta taka, ta waiga ta duba, ta daka tsalle.

"Angona, kalli! Ni ma agwagwa ce!"

Yara suka yi ta dariya. Baffa bai ɗora karan ba. Ya dube shi, ya mayar aljihu. Ban ce ita ta ci kankanar ba, har yau ban ce ba, kuma ba na zaton ita ce. Ƙafarta dai irin wadda take ƙarƙashin ƙwaryar ce, kamar ta sauran.

Ya juyo ya ce min, "Duk wannan wasan ruwan bai nuna ba shi ba ne."

Na ce, "Haka ne, Baffa. Ƙwaryarka ma ba ta nuna shi ne ba."

Hedimasta ya yi gyaran murya da ƙarfi. Baffa ya saɓa babbar rigarsa ya tafi, ko sallama babu. Na tsaya da baho a hannu. Na zaci a nan take zai ce ya janye. Bai ce ba. Gobe Juma'a, jibi Kawu zai zo.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne iyaye mata. Yara sun koma gida kowa yana murna yana cewa shi ma agwagwa ne, Baffa har ya gwada masa kara. Kafin magariba tsakar gidanmu ta cika. Matar mai shago ce a gaba, mayafi a kafaɗa.

"Ina marar kunyar take? Kin ɗauki satar gidanku kin rarraba wa 'ya'yanmu!"

Na ce, "Ba satar gidanmu ba ce."

"To ta gidan wa ce? Tawa?"

"Ban sani ba. Shi ma Baffan bai sani ba. Abin da na nuna ke nan."

Matar ladan ta ce, "Yanzu in ya ɗebi ƙasar nan ya kai, kan wa za ta faɗa? Ni nawa ma ya je bakin ruwa ran nan wanka."

Wata ta ce, "Aikin ai mai sawun yake bi, ba ya kuskure."

Wata ta ce, "Ke kin tabbata? In mai aikin ya ce duk mai irin ƙafar fa?"

Nan suka bar ni suka koma musu da juna. Inna tana gefe, ta shimfiɗa musu tabarma ta kawo ruwa a kwanon sha, kamar barka suka zo. Da hayaniyar ta ɗan lafa sai ta ce, a hankali, tana kallon ƙasa, "Yadda kuke jin nan, haka nake kwana tun ranar Lahadi."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. A wajen Inna wannan ihu ne. Surukar Baffa, uwar jikar nan tasa, tana cikinsu. Ita ta fara miƙewa ta gyara goyonta ta ce, "Ku zo mu je wajen Iya." Iya ita ce matar Baffa, tsohuwa mai 'yar murya, wadda duk garin an san ita kaɗai yake shakka. Suka ɗunguma suka fita. Matar mai shago ta tsaya a bakin ƙofa ta nuna ni da yatsa ta ce, "Ke kuma Allah ya haɗa ki da miji mai haƙuri." Na ce amin.

Ban san abin da aka faɗa a gidan Baffa ba, babu ƙyauren da zan laɓe a can. Abin da na sani shi ne ranar Juma'a da safe masu zuwa lambu sun ga ya tada inji ya saki ruwa a kwamin nan har ya shafe bakinsa. Ƙwaryar kuma an gan ta a kan rumfarsa, ya zuba 'ya'yan kankanar da ya tsince daga ɓawon yana shanyawa. Bai aiko gidanmu ba. Bai ce Auta ba shi ba ne. Bayan an sauko daga masallaci ya gaisa da Baba yadda suka saba, ya tambaye shi ya awaki. Wanda ya ci kankanar har yau ba a san shi ba. Ina da wanda nake zargi, amma na ga abin da zargi yake yi, don haka na bar shi a cikina.

Saura Baba. Shi ya furta maganar Rijiyar Zaki, kuma ba mutum ne mai janye magana a gaban 'ya'yansa ba. Daren Juma'a bai ce komai ba. Asabar da safe Auta ya ɗaure kayansa a leda ya ajiye a bakin ɗaki, ya zauna a kai da takalminsa da safarsa. Littattafansa ya miƙo min ya ce in ba wani. Na ce ya riƙe abinsa, ni ba 'yar aikensa ba ce.

Kawu ya iso da hantsi a kan babur, ya ci ɗumame, suka daɗe a zaure da Baba. Na koma wurina na bayan ƙyaure. Hirar taki suka yi, da ta tsadar mai, da ta wani da ya rasu. Sai da azahar ta kusa Kawu ya ce, "To Yaya, ina yaron? In fita da wuri kafin hanya ta cushe."

Na ji Baba yana kaɗa buta ya ji ko da ruwa.

Ya ce, "Bar shi ya gama firamaren tukuna."

Kawu ya ce, "Ai da ka faɗa min a waya, da ban ƙona maina ba."

Baba ya ce, "Ka zo ka ga gida, laifi ne?"

Shi ke nan. Babu wanda ya ba Auta haƙuri, babu wanda ya ce min na kyauta. Na je na ce masa, "Kwance kayanka, ba inda za ka." Ya dube ni kamar bai gane Hausa ba.

Baba ya shigo tsakar gida da butarsa. Kullum a zaure yake alwala, kan yashi, amma ranar Kawu ya baje a can yana waya, sai ya tsuguna a kan ɗan simintin bakin rijiyarmu. Ya wanke ƙafa, ya miƙe, ya taka ɗaya biyu zuwa inda takalminsa yake. Na riga na duba ƙafar Inna tun ranar da malamar asibiti ta yi maganar gado, tata da rami kamar tawa. Ta Baba ce ban samu gani ba, don ba ya rabuwa da takalminsa na roba.

Auta ne ya fara gani. Ya ja min zane ya ce, "Yaya, kalli."

Sawu biyu manya a kan siminti, cikakku, daga dunduniya har yatsu.

Baba ya waiga ya ga abin da muke kallo. Ya dubi sawun, ya dubi Auta. Ya zura takalminsa ya ce, "Ta kakanku ma haka take. Ku ba ni hanya, zan makara."

Da ya fita Auta ya zauna a bakin rijiyar ya cire takalmin Sallah, ya cire safar, ƙafar duk ta yi fari ta yamutse don gumi. Ya jawo guga ya sheƙa mata ruwa, ya je ya taka kusa da na Baba kafin ya bushe. Inna ta leƙo daga madafa ta ce in ya gama ɓarnar ruwan, awaki tun safe ba su ci komai ba. Ya ɗauki lauje da buhu ya fita babu takalmi, ta tsakiyar hanya. Tsintsiyar tana jingine a bakin ƙofa, Inna ba ta taɓa ta ba.